Bayan Wuta Ta Mutu, Wa Ke Iya Sa a Ba Da Amsa?

A daren Lahadi 5 ga Mayun 2019, azumi na bakin kamawa, wata tankar mai ta kife a kan hanyar filin jirgin saman Yamai. Mai ya malala, labari ya zaga unguwa, jama'a suka fito da jarkoki da bokitai har da robobin wanki. Wajen tsakar dare wuta ta tashi. Mutum 55 suka rasu nan take, kuma cikin kwanakin da suka biyo baya adadin ya haura 70, don da yawa cikin waɗanda aka kwasa zuwa asibiti ba su tashi ba. Na bi ta wurin da hantsi. Har yau ina ganin babura jere sun ƙone sun koma ƙwarangwal, da silifa wari-wari cikin toka, ga wani wari da ya bi mu har cikin taksi.

A fadarmu an yi mako guda ana wannan magana bayan asham. Wani ya ce ƙaddara, wani ya ce kwaɗayi, wani ya ce talauci ne ya kai su. Kawuna, wanda ya yi shekaru yana jan irin waɗannan motoci tsakanin Damagaram da Yamai, yana gefe da carbinsa, bai ce uffan ba sai da aka yi zuba na uku na shayi. Sannan ya dube ni ya ce, "Ɗana, kun yi ta yi wa matattu shari'a. Ban ji wanda ya tambayi yaushe aka duba birkin motar ba, ko kwana nawa direban ya yi rabonsa da barci, ko dalilin da zai sa mota ɗauke da wuta ta nemi makwanci cikin mutane."

Na ce, "To Kawu, wa za a tambaya?"

Ya ce, "Tambaya ai ko yaro na yi. Mai sa a amsa ake nema."

A tsarin mulkin zamani, mai sa a amsa ɗin nan majalisar dokoki ce. Mutane sun fi saninta da yin doka, amma kundin tsarin mulkin Nijar na 25 ga Nuwamban 2010, wanda aka jingine a 2023, ya ɗora mata nauyi uku: ta yi doka, ta amince da harajin da za a karɓa, ta kuma sa ido a kan aikin gwamnati. Ɗan majalisa na iya aika wa minista tambaya a rubuce, ko ya yi ta da baki, ko a kira ministan ya tsaya a zaure ya yi bayani. In abu ya yi tsamari a kafa kwamitin bincike, in ya wuce nan a kaɗa ƙuri'ar yanke ƙauna. Wannan makami na ƙarshe ba ado ba ne a ƙasar nan: da shi aka sauke gwamnatin Hama Amadou ranar 31 ga Mayun 2007. Ɗan jarida na iya tambaya a yi masa shiru, ƙungiyar farar hula na iya tambaya a ce ba huruminta ba ne. Majalisa kuwa ita ke riƙe da bakin jakar kuɗi, shi ya sa kiranta ke da nauyi.

In ana son ganin yadda wannan aiki ke cizo, da kuma inda haƙoransa ke zubewa, Amurka ta 2010 ce ta fi nuna shi a fili. Ranar 20 ga Afrilun waccan shekara, dandamalin haƙar mai na Deepwater Horizon, wanda ke yi wa kamfanin BP aiki a mashigin tekun Meziko, ya fashe ya kama da wuta. Ma'aikata 11 suka mutu. Rijiyar ta yi kwana 87 tana aman ɗanyen mai cikin teku, kuma daga baya kotu ta ƙiyasta abin da ya zuba da ganga miliyan 3.19.

Abin da duniya ta kalla a talabijin shi ne ranar 17 ga Yuni, lokacin da shugaban BP Tony Hayward ya zauna gaban wani kwamitin majalisar wakilai ya yi ta cewa ba ya cikin masu yanke shawara a kan rijiyar. A zaman nan ne wani ɗan majalisa daga jihar mai ta Tekzas, Joe Barton, ya ba wa BP haƙuri don an matsa wa kamfanin ya ware dala miliyar 20 na diyya, har sai da jam'iyyarsa ta sa shi ya janye maganar. An yi hayaniya, an ɗauki hotuna. Amma a ganina aikin gaske an riga an gama shi kafin a kunna kamara, a hannun ma'aikatan kwamiti da ba wanda ya san sunansu. Su ne suka karɓo dubban takardu da wasiƙun cikin gida na kamfanin, suka zauna suka karance su. Kwana uku kafin zaman, shugabannin kwamitin, Henry Waxman da Bart Stupak, suka aika wa Hayward wasiƙa suka jera masa shawarwari biyar da aka yanke don a rage lokaci da kuɗi. Ga guda: akwai wasu ƙarafa da ke riƙe bututu a tsakiyar rami don siminti ya zagaye shi daidai. Kamfanin da ke zuba simintin ya ba da shawarar a sa 21, aka sa 6. An kuma sallami masu gwajin da zai nuna ko simintin ya kama, ba a yi gwajin ba. Irin wannan bayani ba ya fitowa ta hanyar ɗaga murya, sai an zauna da takarda.

Akwai kuma abin dariya mai ban takaici. A wani zaman na 15 ga Yuni, an baje tsare-tsaren ko-ta-kwana na manyan kamfanonin mai biyar, aka ga kusan kwafin juna ne. Huɗu daga ciki sun yi bayanin yadda za a kare wata dabbar teku mai haure wadda ba ta rayuwa sai a yankin ƙanƙara, alhali ana maganar teku mai ɗumi. Wasu sun sa lambar wayar wani masani da za a kira in haɗari ya faru, mutumin kuwa ya rasu tun 2005. Hukumar gwamnati ce ta karɓi waɗannan takardu ta amince da su. Hukumar nan, ita ke ba da izinin haƙa, ita ke karɓar kuɗin shiga daga kamfanoni, ita ke duba lafiyar aikinsu. An ba kura ajiyar nama ke nan. Bayan tonon sililin an rusa ta aka raba aikinta gida uku. A riƙe wannan batu, za mu same shi a gida.

To me ya biyo baya a fagen doka? Kaɗan. Bayan jirgin ruwan Exxon Valdez ya zubar da mai a Alaska cikin Maris 1989, majalisa ta yi doka a 1990 wadda ta tilasta jiragen dakon mai su zama masu ɓawo biyu, ta kuma ƙayyade diyyar asarar da kamfanin haƙa a teku zai biya a kan dala miliyan 75, ban da kuɗin share ɓarnar. A 2010 kowa ya ga wannan adadi wasan yara ne. Majalisar wakilai ta zartar da ƙudurin gyara a ƙarshen Yuli, ya je majalisar dattawa ya kwanta bai tashi ba. Kwamitin da shugaba Obama ya naɗa don binciken haɗarin ma bai samu ikon sammaci ba: wakilai sun amince da ƙuri'a 420 da 1, dattawa suka danne. Abin kirki da aka samu shi ne dokar 2012 da ta ce kashi 80 cikin 100 na tarar gurɓata ruwa a mayar da shi ga jihohin da ɓarnar ta shafa, sai sulhun dala miliyar 20.8 da kotu ta amince da shi a 2016. Ko a wancan shari'ar, takardun da bincike ya fito da su ne suka zama sandar duka.

Maƙwabtanmu na kudu sun nuna mana wata fuskar. Bayan zanga-zangar janye tallafin mai ta Janairun 2012, majalisar wakilan Najeriya ta kafa kwamiti ƙarƙashin Farouk Lawan. An yi zaman a bainar jama'a, mu ma nan mun bi shi ta rediyo, rahoton ya ce sama da naira tiriliyan 1 ya kamata a maido. Ba a jima ba sai ga zargin cewa shugaban kwamitin ya karɓi dala 500,000 don ya cire sunan wani kamfani daga jerin. Kotu ta same shi da laifi a 2021, kotun ƙoli ta tabbatar da ɗaurin shekara 5 a Janairun 2024. Rahoton akwai gaskiya a cikinsa, amma daga ranar da aka shafa wa mai binciken kashin kaji, duk wanda aka ambata ya samu mafaka.

Mu kuma namu ciwon daban ne. A takarda, kundin 2010 ya yi abin a yaba. Aya ta 35 ta ce kowa na da haƙƙin muhalli mai lafiya. Aya ta 148 ta ce arzikin ƙarƙashin ƙasa mallakar al'ummar Nijar ne. Aya ta 150 ta ce kwangilolin haƙar ma'adinai da kuɗin da kowane kamfani ya biya, a buga su gaba ɗaya a jaridar gwamnati. Ƙasashe kaɗan ne suka rubuta irin wannan a kundinsu. Gwajin ya zo a 2017, lokacin da jaridar Le Courrier ta fallasa wata hada-hadar uraniyom ta 2011 wadda aka tura kusan dala miliyan 320 daga asusun kamfanin ƙasa na SOPAMIN zuwa wani asusu a Dubai. Majalisa ta kafa kwamitin bincike mai haɗe da masu rinjaye da 'yan adawa. Cikin 'yan makonni rahoto ya fito yana cewa ba uraniyom ɗin Nijar aka sayar ba, kuma ƙasa ma riba ta ci ta wajen dala 800,000. 'Yan adawar da ke cikin kwamitin suka ce ba da yawunsu ba. Aka tashi an yi ba a yi ba: mai goyon gwamnati ya ce an wanke, mai adawa ya ce an rufe, talaka bai ƙaru da komai ba. A ƙarshen 2017 kuma Nijar ta fice daga shirin duniya na bayyana kuɗin ma'adinai, sai 2020 ta koma.

Dalilin bai da wuyar ganewa. A tsarin da muke bi kafin 2023, firaminista daga masu rinjayen majalisa yake fitowa. Ɗan majalisar da ya matsa wa minista lamba, ɗan jam'iyyarsu yake matsa wa, kuma jam'iyya ce ke rubuta sunayen 'yan takara a zaɓe mai zuwa. Ga shi ba ma'aikatan da za su karanta masa rahoton injiniya. Mutum ne da aka zaɓa don ana ganin girmansa a Abalak ko Madawa, safiyarsa ta tafi wajen masu neman kuɗin magani da na suna, sannan a ajiye masa kwangila mai shafi ɗari biyu da Faransanci irin na lauyoyi a ce ya gano inda aka yi coge.

Duk waɗannan bala'o'i ne masu ƙara, masu hoto. Akwai masu kisan mummuƙe. A Arlit an fara fitar da uraniyom a 1971, a Akokan 1978. Da aka rufe mahaƙar COMINAK ta Akokan ranar 31 ga Maris 2021, ta bar tulin sharar ma'adini mai guba da ya kai wajen tan miliyan 20 a fili. Waɗanda suka yi shekaru suna auna ƙura da ruwa da tarkacen ƙarfen da ake sayarwa a kasuwa, ƙungiyar Aghirin'man ce ta mutanen garin, da ɗakin gwaji na CRIIRAD daga Faransa, sai Greenpeace da ta fitar da rahoto a 2010. Wato abin da ya kamata wakilan jama'a su sa a auna a kawo musu, ƙungiyoyi ne suka ɗauke shi da ɗan abin hannunsu. Ba ranar da za a nuna a ce yau Arlit ta fashe, don haka ba ranar da ta tilasta zaman gaggawa.

Sauyin yanayi ɗan gidan su Arlit ne, kuma shi ya sa majalisu ke jan ƙafa a kansa ko'ina. Tun ranar 23 ga Yunin 1988 masanin hukumar sararin samaniyar Amurka James Hansen ya gaya wa 'yan majalisar dattawa cewa ɗumamar duniya ta fara. A 1997 dattawan suka kaɗa ƙuri'a 95 ba ko ɗaya mai adawa cewa ba za su karɓi yarjejeniyar da ba ta ɗaure ƙasashe masu tasowa ba, abin da ya kashe yarjejeniyar yanayi ta Kiyoto a wurinsu tun kafin a sa mata hannu. A 2009 wakilai suka zartar da dokar rage hayaƙi da ƙuri'a 219 da 212, dattawa suka jingine ta a Yulin 2010, mako guda bayan an toshe rijiyar BP. Mai na kwance a bakin teku amma bai motsa ƙuri'a ba. Sai 2022 aka samu babbar dokar zuba kuɗi a makamashi mai tsabta, ita ma da ƙyar, ƙuri'a 51 da 50. Yarjejeniyar yanayi ta Paris kuwa, da yake da sa hannun shugaba Amurka ta shige ta ba da ƙuri'ar dattawa ba, wannan shugaba ya shiga, wancan ya fita, wani ya koma, a sake fita. Abin da ba a kafa da doka ba, alƙalamin mutum guda na tsige shi.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Paris a 2016, kuma tun 1996 akwai hukumar CNEDD ƙarƙashin ofishin firaminista mai kula da tsare-tsaren muhalli. Hayaƙin da muke fitarwa daga ƙona mai da gawayi bai kai kashi 1 cikin 1,000 na duniya ba, don haka rage hayaƙi ba shi ne babban batunmu ba. Namu shi ne yadda za a tsira. A Satumban 2020 kogin Isa ya kai tsayin da ba a taɓa aunawa ba a Yamai, ganuwar da ke tare shi ta ɓalle, ruwa ya shiga Lamorde. A daminar 2024 ambaliya ta kashe sama da mutum 300, ta shafi fiye da miliyan 1, tsohon masallacin ƙasa na Damagaram ya rushe, aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. A irin wannan ƙasa, siyasar yanayi tana cikin layukan kasafin kuɗi: nawa aka ware wa ganuwa da magudanar ruwa, nawa aka fitar a zahiri, wa ya ci kwangilar, wa ya yanka filaye a hanyar ruwa ya sayar wa mutane. Tambayoyi ne marasa armashi, kuma sai an maimaita su kowace shekara lokacin duba kasafi, ba a jira sai Agusta ba. Haka batun kashi 15 cikin 100 na kuɗin ma'adinai da mai da doka ta ce a mayar wa ƙananan hukumomin yankin da aka haƙo su, wanda ƙungiyoyin farar hula suka sha kukan ba ya isa a kan kari.

Jihar Tawa ta tara duka fuskokin. Nan aka yi aikin farfaɗo da ƙasa na Keita tun 1984 da tallafin Italiya, nan aka dasa jerin itatuwan tare iska a kwarin Majiya tun 1975, nan aka buɗe tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 a 2018. Nan kuma gawayin Salkadamna yake kwance, wanda gwamnatoci suka daɗe suna son gina tashar lantarki a kansa. Ni ba na cikin masu cewa haramun ne mu taɓa shi. Ƙasar da kusan mutum 1 cikin 5 kawai ke da lantarki, wadda kuma ta ga yadda Najeriya ta katse mata wuta a Agustan 2023 alhali daga can take samun wajen kashi 70 cikin 100, ba za a yi mata wa'azin hayaƙi daga ɗaki mai sanyi ba. Amma tashar gawayi na shan ruwa sosai, a yankin da mata ke yini a bakin rijiya. Daga ina za a ɗebo shi? Ina za a zuba tokar? Makiyayin da burtalinsa ya faɗa cikin filin, nawa za a ba shi, kuma yaushe? Waɗannan kafin a aza tubali ake amsa su, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu kuwa zaɓaɓɓiyar majalisa babu ita. Tun 26 ga Yulin 2023 aka jingine kundin 2010. Dokar sabunta ƙasa ta 26 ga Maris 2025 ta zo da majalisar tuntuɓa, wadda aka ƙaddamar a Yunin 2025. Mambobinta naɗa su aka yi, aikinta ba da shawara. A daidai wannan lokaci harkar makamashi ta fi kowane zamani girma. Matatar SORAZ na tace ganga 20,000 a rana tun 2011. Bututun da ya tashi daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, kusan kilomita 2,000, ya fara fitar da mai a 2024, kuma a Yunin shekarar aka fasa shi a jihar Damagaram ɗanyen mai ya malala cikin daji. A Yunin 2025 gwamnati ta mayar da SOMAÏR, kamfanin haƙar uraniyom na Arlit, mallakar ƙasa.

Jama'a da yawa sun yi murna da wannan mataki na ƙarshe, kuma wanda ya san tarihin farashin uraniyom ɗinmu ba zai ga laifinsu ba. Sai dai ga batun da na ce a riƙe. Da can in ƙura ta tashi a Arlit, akwai baƙon kamfani da gwamnati za ta iya tuhuma. Yau mai mahaƙar, da mai karɓar kuɗin, da mai aika jami'in da zai auna gubar, duk gida ɗaya ne, irin haɗin da Amurkawa suka raba bayan sun rasa mutum 11. Kishin ƙasa ba ya toshe bututu in ya tsage, kuma jami'in da ya ga tsagewar zai yi tunani sau biyu kafin ya rubuta rahoton da zai ɓata wa maigidansa rai.

Ko majalisar da ba ta da ikon tilastawa tana da abin da za ta iya: ta nemi takarda a rubuce, ta faɗa a fili cewa ta nema, ta faɗi ranar da aka ba ta ko aka hana. Tsarin ko-ta-kwana na bututun, a ga ko an rubuta garuruwan da ya ratsa da sunayensu da wanda za a kira cikin dare. Rajistar duba lafiyar tankokin da ke shigowa Yamai, da wurin da aka keɓe musu su kwana. Sai na Akokan, inda shirin rufe tulin sharar ya tanadi a lulluɓe shi da yumɓu da duwatsu masu kaurin mita 2, aikin da aka tsara zai ɗauki wajen shekara 10. Sinadarin radiyom da ke cikin sharar sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Sakamakon awon ruwan rijiyoyin da ke kewaye da tulin, na bana da na bara, shi ne takardar da mamba daga Agadas zai fara nema, a kuma manna kwafinta a ƙofar ofishin magajin garin Arlit.